Wa Zai Riƙe Masa Igiya?

Tun da sassafe keken ɗinki yake ta ƙara a ɗan ɗakin da ke kusa da ƙofar gida. Tela ce a kai, haka kowa ke kiranta a layin har surukanta, tana lafta faci na uku a gwiwar wandon aikin mijinta. Cikinta ya shiga wata shida, ya fara tokare teburin keken, dole sai ta ja kujera baya tana miƙa hannu.

"Wannan wando dai facin ya fi shi yawa," ta ce ba ta ko ɗago ba. "Ko har yanzu da gangan kake yaga shi?"

Mijinta Dogo yana tsugune a bakin ƙofa yana naɗe igiya. Ya tuntsire da dariya.

"Haba Madam! Sau biyu kacal na yi haka, shi ne kika riƙe har yau?"

"Sau biyar! Na biyar ɗin ma da reza ka tsaga shi, layi miƙe sambal, ka zo shago kana ce mini dutse ne."

"To ba ga shi dutsen ya yi aikinsa ba? Ga ki a ɗakina."

Ta harare shi tana danne murmushi. Amma da ta lura da yadda yake naɗe igiyar yana warwarewa, yana sake naɗewa, sai ta tsayar da keken.

"Yau za ka gaya masa?"

"Yau."

Dogo mai haƙar rijiya ne, ɗan mai haƙar rijiya, jikan mai haƙar rijiya. Shi ke shiga rami. Mahaifinsa, wanda gwiwoyi suka hana sauka, shi ke tsayawa a sama ya riƙe masa igiya. Ita kuwa Tela a gidan masu bin Yesu ta tashi. Iyayenta sun ja ƙafa sosai kafin su yarda da auren. Shi Baba bai hana ba, cewa ya yi ta yi addu'arta a ɗakinta ba ruwansa, muddin ba ta taɓa jakar aiki ba.

Abin da ke cikin jakar nan kuwa wani ɗan gunki ne na itace, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, ya yi baƙi ƙirin saboda man da ake shafa masa. Kakan Rami suke ce masa. Kowace safiya kafin Dogo ya sauka, Baba zai zaunar da shi a cikin guga, ya kunna 'yar fitilar gwangwani a gabansa, su durƙusa su biyu a bakin rijiyar su ce sun ba shi amanar ransu, sannan a zura gugan har ƙasa. In fitilar ta dawo a kunne, Kaka ya yarda. In ta dawo a mace, Kaka ya ƙi, ranar ba mai shiga.

Shekara biyu Tela ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya a kan wannan ba. Karatunta na Maganar Allah kawai take yi da yamma, shi kuma yana kishingiɗe kamar ba ya ji. Ashe yana ji. Lahadin da ta wuce aka yi masa baftisma.

Daga tagar ɗakinta ta ga komai. Baba ya fito tsakar gida da jakar a kafaɗa, Dogo ya je ya durƙusa a gabansa.

"Baba, ina roƙon arziki. Zan yi maka duk aikin da ka sa ni har ƙarfina ya ƙare. Amma ba zan ƙara durƙusa wa Kaka ba. Allah ya ce kada mu sunkuya wa abin da hannu ya sassaƙa. Raina a hannunsa yake."

Baba ya tsaya kamar an dasa shi.

"Maimaita."

Dogo ya maimaita.

"To fitilar fa?"

"Duk abin da ake kunna wa Kaka, Baba, na fita daga ciki."

"Madalla!" Baba ya sauke jakar a hankali. "Shekara arba'in ina wannan aiki. Ɗa ɗaya na binne saboda taurin kai irin wannan, ba zan riƙe igiyar da za a ja gawar na biyu da ita ba. Ka nemi mai riƙe maka!"

Inna, uwar Dogo, ta yar da tsintsiya ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo ni! Na sani, tun ran da aka shigo da keken nan gidan nan na sani! Ke! Fito ki ga aikinki!"

Tela ta fito ta durƙusa, kanta a ƙasa. Ta san abin da ke cin zuciyar tsohuwar. Shekara tara da suka wuce, wan Dogo ya yi sauri wata safiya ya faɗa rijiya ba a saukar da Kaka ba, aka fito da shi ba rai. Tun daga ranar Inna ba ta iya cin abinci sai ta ji muryar autanta a ƙofar gida.

Wani kafinta da suke majami'a ɗaya, magidanci mai ƙarfi, shi ya ce zai riƙa riƙe wa Dogo igiya. Mutumin kirki ne, sai dai katako ya sani, bai san rami ba. Kullum suka fita, Tela takan bi igiyar da ido har su sha kwana.

Kwana huɗu bayan haka, da rana tsaka, Inna ta ɗaga labulen ɗakin ɗinki ta shigo. Ba faɗa ta zo da shi ba. Ta zauna a kan buhun ƙyallaye, idanunta sun kumbura.

"'Yar nan, kina sonsa?"

"Inna..."

"Amsa mini. Kina sonsa?"

"Ina sonsa, Inna."

"Ni ma haka. Ni da ke abu ɗaya muke tsoro." Ta kwance bakin zanenta ta ciro wani ɗan ƙulli kamar ƙwayar wake. "Daga ƙafar Kaka na ɗan ɓantaro, tsohon ma bai sani ba. Ba na ce ki durƙusa ba. Ba na ce ki bar Yesunki ba. Ki sa shi kawai a kalmasar wandonsa ki bi da zare. Ke tela ce, wa zai gani?"

"Inna, ba zan iya..."

"Ki dubi cikinki! So kike ya buɗe ido a duniya ba uba?"

Ta kama hannun Tela ta cusa ƙullin, ta rufe mata yatsu da nata hannun mai sanyi. Hawayenta ya ɗiga a kan hannayen biyu. Ta tashi ta fita.

Tela ta daɗe tana kallon abin. Ba ya ko cika cokali. Zuciyarta ta ce: mene ne a ciki? Itace ne kawai, ba zai yi komai ba. Wata zuciyar ta ce: in ba zai yi komai ba, me ya sa hannunki ke son ɗinka shi? Ta tuna zurfin rami, ta tuna hannun Kafinta da bai saba ba. Ɗan da ke cikinta ya motsa. Sai kawai ta jawo wandon da ke jiran faci, ta buɗe kalmasar, ta tura ƙullin, ta bi da ɗinki siriri wanda ko ita da kyar take gani.

Da yamma Dogo ya dawo buɗu-buɗu da jar ƙasa, ya yi wanka, ya zauna cin abinci yana ta ba ta labarin Kafinta.

"Mutumin nan fa! In ce masa sassauta, sai ya ja. In ce ja, sai ya leƙo ya ce, 'Me ka ce, ɗan'uwa?' Yau sau uku yana ba ni haƙuri!"

Ta yi ƙoƙarin dariya, ta ƙi fitowa. Da ya gama ya miƙo hannu kamar yadda suka saba, suka rufe ido. Ya gode wa Allah da ya fito da shi lafiya, ya roƙa wa Baba da Inna, sannan ya ce, "Ubangiji, ba mu da wani mai tsaro sai kai." Ya tsaya yana jiran ta ce amin.

Ta kasa faɗin amin ɗin.

"Madam? Lafiya?"

Sai ta fashe da kuka. Ta tashi ta ɗauko wandon da reza, ta farke kalmasar a gabansa, ƙullin ya faɗo a kan tabarma.

"Na ci amanarka, ɓantaren Kaka ne Inna ta ba ni na ɗinka maka. Kai ka tsaya a gaban Baba da rana tsaka, ni da na riga ka sanin Ubangiji na koma ta bayan gida... Tsoro nake ji! Kullum ka fita sai in ga kamar ba za ka dawo ba!"

Dogo ya dubi ƙullin, ya dube ta. Ta zaci zai yi fushi. Sai ya jawo ta jikinsa ya sa babban yatsa yana share mata hawaye.

"Kin zaci ni ba na tsoro? Jiya da ƙafata ta taɓa ƙasan ramin, bakina da kansa ya fara kiran Kaka. Sai da na ciji harshe." Ya ɗaga wandon. "Amma ki duba, yau ke kika yaga shi da reza. Mun yi kunnen doki."

Ta kai masa dukan wasa a ƙirji tana kuka tana dariya.

Washegari ta sami Inna a madafa, ta durƙusa ta ajiye ƙullin a gabanta da hannu biyu.

"Inna, ki yafe mini. Na karɓa, bai kamata in karɓa ba. Na san don ƙauna kika ba ni. Amma ba zan raba amanarsa biyu ba, rabi ga Allah rabi ga itace."

Fuskar Inna ta murtuke.

"To ki ji da kyau. Ran da wani abu ya taɓa Autana, ranar ki ɗaure kekenki ki bar mini gida."

Mako uku gidan ya zama kamar ba kowa. In Tela ta gaishe su, Baba ya ɗaga kai kawai, Inna ko kallo. Duk da haka ba ta fasa share musu ƙofar ɗaki ba, ba ta fasa ɗebo musu ruwa ba. Ta ga rigar Baba a igiyar shanya aljihunta ya ɓalle, ta gyara ta mayar ba ta ce komai ba. Abu ɗaya ne ya ɗaure mata kai: kullum bayan Dogo ya fita, Baba ma sai ya ɗauki sandarsa ya fita, ba ya dawowa sai dab da dawowar ɗansa.

Sai aka kira Dogo yasar wata tsohuwar rijiya a bayan wani gidan burodi. Shekara bakwai tana rufe da kwano da duwatsu. Ranar Tela ta kai wa wata kwastoma ɗinki a kusa da wurin, ta ce bari ta biya ta ajiye masa abinci. Ta tarar an yaye kwanon, Dogo ya ɗaura igiya a ƙirji kamar yadda ubansa ya koya masa tun yana saurayi, ya yi addu'arsa, ya ɗaga mata hannu.

"Madam, ajiye a inuwa! Kada Kafinta ya ɗanɗana mini!"

Ya fara sauka yana rera waƙar majami'a, Kafinta na sakin igiyar a kan gungumen da aka gitta a bakin rijiyar. Muryar tana nisa, tana nisa. Can sai ta tsinke a tsakiyar baiti.

"Ɗan'uwa?" Kafinta ya leƙa. "Ɗan'uwa!"

Shiru. Igiyar ta yi nauyi, ta miƙe tsam.

Kwanon abincin ya suɓuce daga hannun Tela. "Yesu! Yesu! Jama'a ku taimaka!"

Kafinta ya ɗaure igiyar a gungumen, ya fara cire takalmi zai bi shi. Sai aka ji tsawa daga bayan tarin itacen gidan burodin.

"Kada ka shiga! Ka shiga gawa biyu za mu fitar!"

Baba ne. Ya yar da sanda, yana gudu da gwiwoyin nan nasa da ba sa lanƙwasuwa. Ashe nan yake zuwa kullum. Duk ramin da ɗansa ya shiga a makonnin nan, yana laɓe a nesa yana kallon igiya.

Ya fizge igiyar, ya kafa ƙafa a gungumen, ya daka wa masu burodi tsawa suka fito da gari a hannu suka kama bayansa. "A hankali! Kada kansa ya bugi bango! Ja! Tsaya! Ja!" Igiyar ta yanke masa tafin hannu, jini na bin ta, bai saki ba. Suka fito da Dogo jikinsa sharaf, leɓɓansa sun canza launi. Baba ya kwantar da shi yana danna masa ƙirji yana kiran, "Auta! Auta! Kada ka yi mini haka!" har motar kai burodi ta ja baya suka saka shi.

A asibiti aka shige da shi aka rufe ƙofa. Tela ta zauna a benci. Baba yana can ƙarshen bencin, hannayensa naɗe da bandeji. Ba a jima ba Inna ta iso, ba ɗankwali, jakar aiki rungume a ƙirjinta. Ba ta yi ihu ba. Ta zo ta zube a gaban surukarta a kan siminti, ta buɗe bakin jakar.

"'Yar nan, kin gani da idonki. Kaka ya yi fushi. Ke ce sanadi, ke zai saurara. Ki durƙusa ki ce ya yi haƙuri. Sau ɗaya! Kalma ɗaya! Ni uwar mijinki ce, ga ni a ƙasa ina roƙonki!"

Mutanen da ke zaune suka zuba musu ido. Wata mata ta ce, "Ki yi mata mana, baiwar Allah, rai ake magana."

Tela ta dubi baƙar fuskar itacen a cikin jakar. Ta dubi rufaffiyar ƙofar. Duk duniya ba abin da take so irin ƙofar nan ta buɗe a ce mata yana numfashi. Ta sauko daga bencin ta durƙusa, Inna ta yi ajiyar zuciya. Amma Tela ta sa hannu ta rufe bakin jakar, ta kama hannayen Inna.

"Inna, ke na durƙusa wa, don ke uwata ce. Wannan kuwa ba zan roƙe shi ba. Ba shi ya ba Auta numfashi ba, ba shi zai mayar masa ba. Ban san abin da Allah zai yi a ɗakin can ba, Inna, ban sani ba! Amma ko ya tashe shi ko ya ɗauke shi, shi kaɗai zan kira. In mijina ya farka ya ji na sayar da abin da ya tsaya a kai, da wane ido zan dube shi?"

Inna ta fizge hannunta.

"Shi ke nan. Daga yau ba ke ba gidana."

"Na ji, Inna. Amma ki bar ni in yi masa addu'a tukuna."

Nan a durƙushe ta yi ta, ba da wasu manyan kalmomi ba. "Ya Uba, ka ji tausayinmu. Ka ji tausayin Inna, ta riga ta binne ɗaya." Abin da ta yi ta maimaitawa ke nan har muryarta ta dushe.

Sai bayan awa biyu ƙofar ta buɗe. Wata nas mai gilashi ta fito.

"Ina Madam? Tun da ya buɗe ido yake cire abin oksijin yana tambayar wai ina abincinsa."

Tela ta yi wata ƙara da ba kuka ba ba dariya ba. Inna ta sulale ta jingina da bango. Nas ɗin ta juya kan Baba.

"Baba, ku ne manya a aikin nan, yaya kuka bari? Rijiyar da ta daɗe a rufe, iskar da ke ƙasanta ba ta shaƙuwa. Ko ashana aka ƙyasta a can mutuwa za ta yi, balle mutum. Da kun ƙara minti biyu, da wani zancen ake."

Baba ya ɗago a hankali. "Ko fitila?"

"Ko fitila, Baba."

Baba ya mayar da ido kan jakar aikin.

Tela a asibiti ta zauna wajen mijinta, tunda ba ta da gidan komawa. Da hantsi washegari sai ga Baba a ƙofar ɗakin, jakar a kafaɗa.

"'Yata, taso ki raka ni. Shaida nake so, wadda na tabbata ba za ta yi mini ƙarya don ta faranta mini ba."

Rabon da ya ce mata 'yata har ta manta. Ta bi shi har bayan gidan burodin. Ya zaunar da Kaka a guga, ya kunna fitila, bai durƙusa ba, ya zura. Ya jawo: a mace. Ya cire Kaka ya ajiye a ƙasa, ya kunna fitilar ita kaɗai, ya zura. A mace. Suka taka zuwa wata rijiya a maƙwabta wadda ake ɗiba kullum. Ya zura fitilar ita kaɗai, ba Kaka. Ta dawo tana ci bal-bal. Ya sake, ya sake, har sau uku.

Sai tsohon ya zauna a bakin rijiyar, ya kifa fuska a cikin bandejin hannunsa, kafaɗunsa na girgiza.

"Shekara arba'in," ya ce. "Fitila na yi mini aiki, ina gode wa itace. Babban ɗana ba raina Kaka ne ya kashe shi ba. Fitila ce bai saukar ba. Da na san haka, da abin da na koya masa ke nan! Jiya kuma saura ƙiris fushina ya ci na biyun. Na tambaye shi fitila, ya ce ba ya so, na yi zuciya na ƙyale shi."

Tela ta durƙusa kusa da shi. "Baba, mu ma mun yi kuskure. Mun haɗa fitilar da gunkin mun zubar gaba ɗaya. Hikimar nan Allah ne ya ba kakanninka, gunkin ne kawai ya shiga tsakani ya karɓe godiyar. Kuma wa ya ajiye ka a bayan itacen can jiya? Kullum sai mun roƙi Ubangiji ya ba shi mai riƙe igiya. Ashe ya riga ya ba shi."

Baba ya daɗe yana juya gunkin a hannunsa. Na ubansa ne, na kakansa ne. Sannan ya miƙe, ya shiga gidan burodin, ya roƙi mai tanda ya buɗe masa murfin wuta.

"Itace ne," ya ce. "Bari ya yi aikin itace."

Bayan wata guda Dogo ya koma aiki. Da sassafe suka ji sallama a ƙofar ɗaki: Baba ne da igiya a kafaɗa da fitila a hannu.

"'Yata, ki ɗinka wa fitilar nan 'yar jaka. Kai kuma, wannan maganar da kake yi da Allah kafin ka sauka, ka riƙa yi da ƙarfi. Kunnena ya yi nauyi, ina so in ji."

Ita Inna ba ta sauko da wuri ba. Ba ta ƙara zancen kora ba, amma gaisuwa a taƙaice take amsawa. Tela ba ta gaji ba. Ran da naƙuda ta kama ta, Inna ce ta riƙe ta har asibiti, ita ce ta fara karɓar jikanta. Bayan kwana biyu ta kawo wata 'yar riga da ta ɗinka da hannu, ɗinkin duk a karkace. Tela ta karɓa da godiya. Amma ba ta san lokacin da yatsunta suka fara bin kalmasar rigar suna lalube ba.

Inna na kallonta. Sai ta yi murmushi, na farko cikin watanni.

"Lalube da kyau, Tela, har wuyan. Ba komai a ciki sai zare." Ta gyara wa jaririn kwanciya. "Wannan addu'ar da kika yi mini a asibiti... ba wanda ya taɓa roƙa mini tausayi a gaban kowa. Ki koya mini ita."

Tela ta kifa kai a cinyar surukarta ta yi kuka mai daɗi.

'Yan mata da samari, ku riƙe wannan. Gwaji mafi wuya ba daga maƙiyi yake zuwa ba. Yakan zo a hannun wanda ke ƙaunarku, da hawaye a idonsa, ya ce sau ɗaya ne kawai, ba wanda zai gani. Ku girmama iyaye, ku yi musu hidima, ku durƙusa musu, kada ku rama musu da baƙar magana, kada kuma ku watsar da hikimarsu don kun sami bangaskiya. Amma sujada da amanar rai na Allah ne shi kaɗai. In kun faɗi kamar yadda Tela ta faɗi, ku farke ɗinkin tun da wuri. Ta tsaya ne tun ƙofar asibiti tana rufe, ba ta san abin da zai fito ba, Ubangiji kuwa ya mayar mata da mijinta, ya ƙara mata da uba da uwa.